Nawa Ne Kuɗin Ƙaramin Jirgin Sama?

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin wata tambaya da ta ƙure ni a gaban aji, da irin wahalar da na sha kafin in sami amsarta. Watakila wani zai amfana, kada ya faɗa cikin kuskuren da na faɗa.

A zangon da ya wuce aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a Kuru, aka ba ni lissafi a aji shida. Mu mutanen Kuru da labarin jirgin ƙasa muka saba tun iyaye da kakanni, gama daga nan ne hanyar dogo ta rabu ta nufi Bauci har Maiduguri, aka gama ta a 1964. Amma kuma filin jirgin sama na Yakubu Gowon da ke Heipang ba shi da nisa da mu, sabo da haka ƙarar jirgin sama ba baƙuwa ba ce a kunnen yaranmu.

Ran nan da hantsi ina tsaye a bakin allo ina koyar da rabawa, sai ga wani ɗan ƙaramin jirgi fari, mai farfela ɗaya a hanci, ya zo ya wuce ƙasa-ƙasa. Nan da nan kawunan yara duk suka koma taga. Na buga tebur, suka juyo. Sai wata yarinya da ke zama can baya, wadda tun zuwana ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, irin wannan ƙaramin jirgi nawa ne kuɗinsa? In na girma ina so in sayi nawa, in riƙa tuƙawa da kaina."

Maza suka bushe da dariya. Wani ya ce, "Ke da ko keke babu a gidanku!" Ni kuwa gaskiyar magana ban san kuɗinsa ba. Maimakon in ce mata zan bincika, sai girman kai ya kama ni, na ce, "Wannan ba na irinmu ba ne. Mai da hankalinki ga allo." Ta sauke hannu. Har makon nan ya ƙare ba ta sāke ɗaga shi ba.

Da dare na kwanta barci ya ƙi zuwa. Na ga laifina biyu ne. Na ɗaya, na ɓoye jahilcina a bayan tsawa. Na biyu kuwa, wanda ya fi ci mini rai, shi ne duk duniya ni ne bai kamata in ce ƙaramin jirgi ba na irinmu ba ne, domin in ba don irinsa ba, da mahaifina bai zo duniya da rai ba, da kuwa babu mai rubuta wannan takarda.

Ga yadda abin ya ke. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Mishan ɗin nan ta Sudan Interior Mission, wadda babban mazauninta a ƙasar nan ya ke Jos, ta soma aiki da ƙananan jiragen sama, aka riƙa kiran wannan sashe SIMAIR. A zamanin nan hanyoyin mota kaɗan ne, da damina kuwa rafi ɗaya ya isa ya tsare mutum kwana uku. Jiragen nan su ke kai likitoci da malamai da magani da wasiƙu tashoshin da ke cikin daji, su komo da marasa lafiya. Kakana yana saurayi ya yi aiki a wata tashar Mishan can gangaren dutse, aikinsa kuwa shi ne kula da filin da jirgi ke sauka.

Ya sha ba mu labari da dare. Ya ce filin ba kome ba ne illa doguwar sharar ƙasa. Kullum sai an yanke ciyawa, a rushe surin gara tun yana ƙarami, a cike ramin gafiya a daddaɓe. Ranar da jirgi zai zo, tun da sassafe za su kori awaki da shanu, su hura wuta su zuba ɗanyen ganye, domin matuƙi ya ga inda hayaƙi ya nufa ya san ta inda iska ke busowa. Mai kuwa cikin duro-duro a ke kawo shi da mota tun da rani, a kulle shi a ɗaki, ba a zuba shi cikin jirgi sai an tace.

Da kakata ta tashi haihuwar mahaifina, naƙuda ta yi tsanani, kwana biyu ba ta sauka ba. Aka yi magana da Jos ta rediyo, jirgi ya zo da azahar. Kakana ya ɗauko ƙunshin kayansa zai shiga, sai matuƙin ya fito da ma'auni. Ya auna majinyaciyar da za ta raka su, ya auna kaya, ya yi ɗan rubutu a takarda, sa'an nan ya dubi kakana ya ce masa ya yi haƙuri, babu wurinsa. Alhali kuwa ga kujera nan a fili, ba kowa! Kakana ya ce ransa ya ɓaci ƙwarai, ya zaci raini ne. Ya bi su a ƙasa, rabi da ƙafa rabi a bayan babbar mota, ya isa Jos bayan kwana biyu, ya tarar an yi mata aiki, uwa da ɗa suna lafiya. Har ya tsufa yana tambaya, me ya sa kujera tana nan aka hana shi?

To, ga tambayar kakana, ga ta yarinyar nan. Na ɗaura niyya ba zan bar Kuru ba sai na amsa su duka biyu. Matambayi ba ya ɓata. Na yi karatu a ɗakin littattafai, na duba intanet, sa'an nan aka kwatanta mini wani tsoho a Bukuru wanda ya yi shekaru yana gyaran jiragen sama kafin ya huta. Ran Asabar na tafi na same shi zaune a gindin mangwaro. Na gaishe shi, na ce, "Baba, na zo ne in tambayi kuɗin ƙaramin jirgi."

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ka taɓa riƙon doki?" Na ce a'a. Ya ce, "Wanda bai taɓa riƙon doki ba, kuɗin saye ya ke tambaya. Wanda ya taɓa kuwa, kuɗin harawa da dawa da ladan ɗan barga ya ke tambaya. Zauna."

Abin da na tattara daga bakinsa da kuma karatuna, ga shi a taƙaice. Zan ɗauki jirgin da a ke kira Cessna 172, na Amurka, domin babu jirgin da aka ƙera da yawa a duniya kamarsa. An soma sayar da shi a 1956, an kuwa ƙera fiye da 44,000. Kujerunsa huɗu, injinsa ɗaya, yana gudun wajen kilomita 220 a awa.

Na fari, kuɗin saye. A 2023 sabonsa ya haura dala 400,000. A 2024 kuwa dala ɗaya ta haura naira 1,500. In ka ninka, naira miliyan 600 ke nan. A wannan shekara ta 2024 aka tsai da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000 a wata. Watau mai irin wannan albashi, ko da bai ci ba bai sha ba, sai ya yi fiye da shekara 700 yana tari. Akwai na hannu, waɗanda suka shekara arba'in ko hamsin suna aiki, kuɗinsu bai kai haka ba ko kusa. Amma Baba ya ce araha ba ta ado, sau da yawa abin da ka rage wajen saye za ka biya shi wajen gyara, har da riba.

Na biyu, mai. Wannan jirgi ba ya shan fetur irin na mota, ba ya kuma shan kananzir ɗin manyan jirage. Nasa dabam ne, ana kiransa afgas, an rina shi shuɗi domin kada a yi kuskure. Yana shan lita 30 zuwa 35 a awa. Daga Heipang zuwa Kano a miƙe wajen kilomita 270 ne, watau tafiyar awa ɗaya da rubu'i, mai kuwa wajen lita 45. Wannan ba yawa, sai dai man ya fi fetur tsada, kuma ba a kowane fili a ke samunsa ba. Mai jirgi tilas ya san inda zai sha mai kafin ya tashi, gama ba a tsayawa a gefen gajimare a jira mai jarka. Sabo da wuyar samunsa ne waɗansu masu aiki da ƙananan jirage a Afirka suka koma ga injuna masu shan kananzir ɗin manyan jirage.

Na uku, gyara. A nan ne Baba ya gyara zama. Ya ce mota sai ta lalace mu ke kai ta gareji, amma jirgi tun yana lafiya lau a ke kai shi, bisa ƙidayar awoyinsa. Bayan kamar awa 50 a sāke baƙin mai. Bayan awa 100 a buɗe shi a duba. Kowace shekara kuma akwai babban bincike, ko ya tashi ko bai tashi ba. Inji kuwa masu ƙera shi sun yanka masa wa'adi, awa 2,000 ko shekara 12, duk wanda ya riga, sa'an nan a kwance shi ɗaiɗai a sabunta, aikin da ke cin dubban daloli masu yawa. Ba kowane makanike ke taɓa shi ba, sai mai lasin, wanda zai sa hannu a littafin jirgin. Kayan gyara kuma daga waje su ke zuwa, da dala a ke biya, kowane da takardar shaidarsa. Baba ya ce, "A sama babu ƙulle-ƙullen waya da roba. Kusa ɗaya in ba ta da takarda, ba ta shiga."

Na huɗu, kuɗin da ba ruwansu da tashi. Akwai inshora. Akwai hayar rumfa, wadda a nan tsaunin Jos ba abin wasa ba ce, gama duk mun san irin ƙanƙarar da kan sauko da farkon damina, mai huda ganyen masara. Akwai rajista da takardar shaidar lafiyar jirgi daga Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya. Jiragen ƙasarmu duk da 5N lambarsu ke farawa, na Nijar kuwa 5U. Akwai kuma kuɗin sauka da na kwana a filayen jirgi. Waɗannan duka suna tafiya ko da jirgin ya shekara a rufe. Kada kuma mutum ya ce zai ajiye shi don ya huta da kashe kuɗi, domin injin da ya daɗe bai yi aiki ba tsatsa kan ci shi daga ciki.

Na biyar, matuƙin kansa. Kafin a ba mutum lasin tuƙa jirgin kansa, sai ya kai shekara 17, likita ya gwada idonsa da kunnensa da zuciyarsa, ya ci jarrabawar dokokin sama da yanayi da sanin hanya da maganar rediyo, ya kuma yi aƙalla awa 40 a sama. Bayan ya samu ma ba a gama ba. Gwajin likita ana sabunta shi. In kuma ya yi kwana 90 bai tashi ya sauka sau uku ba, ba shi da izinin ɗaukar kowa sai ya sāke wasa hannunsa. Har wa yau mai irin wannan lasin ba a yarda ya ɗauki fasinja don kuɗi ba. Wanda ya ce zai mai da jirginsa tasi ya fanshe, sai ya koma makaranta ya nemi lasin da ya fi wannan, da waɗansu takardu.

Bayan duk an biya waɗannan, sauran yardar sama. Mai ƙaramin lasin da ido ya ke tafiya, doka kuwa ta ce sai yana iya hangen kilomita 5 a gabansa. Ku tuna da hazon hunturu, ran da ba ka ganin dutsen da ke bayan makaranta. Ku tuna da hadarin yamma na watan Agusta. Mutum yana da jirgin miliyoyi, ga shi nan zaune a rumfa yana kallon sama, mai babur ya wuce shi.

Sa'an nan na kawo wa Baba maganar kakana. Ya ce in ɗauko alƙalami. Ya ce jirgi irin wannan, abin da zai iya ɗauka duka, mutane da kaya da mai, wajen kilo 400 ne. Tankinsa yana cin wajen lita 200, nauyinsu kuwa kilo 144. Ɗebe, saura 256. Manya huɗu masu kilo 70 kowanne, 280 ke nan. Ashe an wuce iyaka tun ba a sa ko jaka ɗaya ba! Daɗa kuma iskar kan tudu ba ta da kauri kamar ta bakin teku. Inji irin wannan yana rasa kamar kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000 da aka hau. Filin Heipang ya haura ƙafa 4,000, watau kamar kashi 12 sun tafi tun jirgi yana ƙasa. Zafin rana ma haka ya ke yi wa iska, yana sa ta yi sakayau, jirgi ya bukaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Baba ya ce, "Da azahar, a gajeren filin ƙasa, ga itatuwa a ƙarshensa. Da matuƙin nan ya ji kunyar kakanka ya ɗauke shi, watakila da dukansu ba su tsallake itatuwan nan ba."

Na yi shiru. Shekara da shekaru gidanmu ana ba da labarin nan kamar labarin raini, ashe lissafi ne. Abin da mutumin nan ya rubuta a 'yar takardarsa bai fi tarawa da ɗebewa na aji huɗu ba, amma rai uku ya rataya a kansa, har da nawa na huɗu. Kakana ya riga mu gidan gaskiya ban sami gaya masa ba.

Kafin in tashi na ce, "To Baba, in haka ne, yaya Mishan ta iya?" Ya ce, "Don ba na mutum ɗaya ba ne. Jirgin mutum ɗaya kwana ya ke yi yana jiran mai shi. Na Mishan kuwa yau likita, gobe malami, jibi mara lafiya. Jama'a da yawa suka haɗa kuɗinsa, jama'a da yawa suka mora." Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Har a ƙasashen Turai da Amurka, da yawa daga masu sha'awar tuƙi ba su mallaki jirgi su kaɗai ba. Waɗansu kan haɗu su huɗu ko biyar su saya, waɗansu kan shiga ƙungiya su riƙa haya da awa.

Ran Litinin na je wurin Hedimasta na ce, "Ranka ya daɗe, ina neman izini in sāke darasin yau." Ya yarda. Na shiga aji, na ce kafin mu fara ina da bashi zan biya. Na kira yarinyar nan na ce, "Ran nan kin yi tambaya mai kyau, ni kuwa ban san amsa ba, na rufe ki da faɗa. Na yi kuskure. Yau ke za ki fitar da amsar da hannunki." Ajin ya yi tsit, don ba su saba jin malami ya ce ya yi kuskure ba.

Na ba ta alli. Ta ninka dala zuwa naira, ta raba da albashin wata, ta sāke rabawa da 12, ta sami shekara 714. Yara suka ce, "Kai!" Na ce su dakata. Na zuba tsakuwa a tebur, na ce a misali mu ce kuɗin da jirgi ke ci a shekara ko bai tashi ba tsakuwa 1,200 ne. Mai shi yana da aikinsa, awa 40 kaɗai ya tashi. Kowace awa nawa ta ɗauka? Suka ce 30. To, in jirgin asibiti ne ko na makaranta, ya yi awa 400? Suka ce 3. Na ce wa zai gaya mini abin da wannan ke nufi? Sai yaron nan mai maganar keke ya ce, "Malam, jirgin da ke zaune ya fi wanda ke aiki tsada." Ban taɓa koyar da rabawa ta shiga kamar ran nan ba.

Sa'an nan na gaya musu cewa yawancin masu tuƙa jirgi a duniya ba su da ko fiffike ɗaya nasa, aikin suka koya. Na ce a Zariya akwai kwalejin koyon aikin jirgin sama, wadda aka kafa a 1964, inda a ke koyar da tuƙi da gyara da aikin hasumiya. Na ce cikin waɗanda suka tuƙa jirgin Mishan a ƙasar nan a farkon shekarun 1950 har da mace, Ba'amurkiya, Betty Greene. Na ce Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta fari da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Nijeriya, a Zariya ta yi karatu, daga baya har ta shugabanci kwalejin. Ban ɓoye musu ba cewa koyon ma miliyoyin naira ya ke ci, kuma ɗan talaka ba ya samu sai ya yi fice har gwamnatin jiha ko wata hukuma ta ɗauki nauyinsa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Amma mai hangen Dala ya san aƙalla inda birni ya ke.

Yarinyar ta dubi allo, ta dubi allin da ke hannunta, ta ce, "To Malam, na fasa saye. Waɗanne darussa a ke so mutum ya ci?" Na rubuta mata: lissafi, kimiyya, Turanci, labarin ƙasa. Ta kwafe a bangon littafinta. Wannan karo ba wanda ya yi dariya.

'Yan'uwana, ba da daɗewa ba za a watsa mu makarantu, kowa da ajinsa. Lalle wata rana yaro zai tambaye ka abin da ba ka sani ba, kuma mafi sauƙin amsa ita ce, "Wannan ba na irinmu ba ne." Ina roƙonku kada ku faɗe ta. In abu ya fi ƙarfin yaro, bari lissafi ya nuna masa da hannunsa, gama lissafin da ya rufe masa ƙofa ɗaya shi ne kan nuna masa wata. Ko yarinyar nan za ta kai Zariya, Allah kaɗai ke da wannan. Abin da na gani da idona shi ne, har ran da na bar Kuru, duk sa'ad da na yi tambaya, hannunta ne ke fara tashi.